Hankali da Tafiya: Darasi Domin Kare Tsofaffi Daga Faɗuwa

Tafiya aiki ce da jiki ya saba yi da kansa. Saurayi yakan yi tafe yana hira, ƙafafunsa na aikinsu. Amma idan shekaru suka ja, gani ya ragu, gaɓoɓi suka yi rauni, sai tafiya ta soma bukatar hankali sosai.

A shekarar 1997 masu bincike a ƙasar Suwidin suka lura cewa tsofaffin da kan tsaya cik idan an yi musu magana suna tafe sun fi sauran faɗuwa cikin wata 6 da suka biyo baya. Dalili kuwa, hankalinsu ba ya isar aiki biyu a lokaci guda.

Wurin da aka ajiye hankalin ma yana da muhimmanci. Binciken Gabriele Wulf, tun daga 1998, ya nuna cewa mai da hankali ga abin da aka nufa ya fi mai da shi ga gaɓoɓin jiki. Tsohon da tsoron faɗuwa ya sa shi lissafin kowane taku, jikinsa yakan sanƙare, tafiyar ta ƙara wuya.

Saboda haka wajibi ne iyali su kiyaye waɗannan:

1. Kada a ja tsoho da magana yana hawa matakala ko tsallaka kwata.
2. Maimakon "ɗaga ƙafa, Baba", a ce "nufi bakin ƙofa".
3. A haskaka zaure, a kawar da tarkace daga hanya.

Rigakafi ya fi magani.