Asalin Katantanwar Ruwa Mai Ɗauke Da Tsargiya

Manomi mai lambu a fadama yakan ga ƙananan katantanwa manne da ciyawar ruwa, bai kula da su ba. Alhali kuwa su ne masaukin tsutsar da ke kawo tsargiya.

Ga yadda abin yake. Mai ciwon ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta shiga jikin katantanwa. Bayan kamar wata guda sai dubbai su fito, su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira cikin 1851, amma sai a 1915 Leiper ya tabbatar da hannun katantanwa a Masar.

Iri biyu ne manya a Afirka. Bulinus ita ke ɗaukar tsargiyar fitsarin jini. Takan nutse cikin laka ta ƙetare rani. Biomphalaria, mai faɗi kamar maɓalli, ita ke ɗaukar ta hanji. Masana sun binciki jininta, sun ga asalinta Amurka ta Kudu ne. Kakarta ta ƙetaro teku shekaru miliyan kaɗan da suka wuce, watakila bisa ciyawa mai yawo ko jikin tsuntsaye. Daga baya, zamanin cinikin bayi, tsutsar ta bi jikin mutanen Afirka zuwa Barazil, ta tarar da dangin katantanwar can suna jira.

Aikin ban ruwa ma yana yaɗa su, domin suna son ruwa mai kwanciya. Da aka gama dam na Akosombo a Gana cikin 1965, tsargiya ta yawaita a ƙauyukan bakin tabkin Volta. A Senegal aka gama dam na Diama cikin 1986, ya hana ruwan gishiri hawowa. Cikin 1988 ciwon ya ɓulla a garin Richard Toll.

To, abin da ya wajaba ga manomi ke nan. Ya riƙa share ciyawa daga magudanar ruwa. Ya sa takalmin roba in zai shiga, tun ba da tsakar rana ba, lokacin da tsutsar ta fi fitowa. Ruwan wanka a ajiye shi kwana biyu. A hana yara fitsari a kududdufi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kuwa ya tafi asibiti, akwai magani, sunansa praziquantel.