Kunne Kafin Ido: Yadda Yaro Yake Koyon Magana da Karatu

Ya kai mai karatu, ka sani cewa galibin iyaye, idan aka tambaye su ranar da ɗansu ya soma koyon karatu, sai su ambaci ranar da aka riƙe hannunsa aka kai shi gaban malam, alhali kuwa aikin ya faro tun yana goye a bayan uwarsa. Dalili kuwa shi ne, rubutu, na ajami ne ko na boko, magana ce aka yi wa alama a kan allo ko takarda, kuma wanda bai mallaki maganar ba, alamar ba za ta amfane shi da kome ba.

Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratun Nahli, inda ya ambaci fitar ɗan Adam daga cikin uwarsa bai san kome ba, ya gabatar da ji a kan gani, kuma haka al'amarin yake gudana a gaban idonmu. Jariri yana jin muryar uwarsa tun bai zo duniya ba. Idan ya kai kimanin wata shida sai ya shiga gwaranci. Wajen cikar shekara ya furta kalma guda. Wajen shekara biyu ya haɗa kalma da kalma. Kafin ya kai biyar kuwa sai ka tarar yana rarrabe namiji da mace, tilo da jam'i, abin da ya wuce da abin da zai zo, ba tare da wani ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa nahawu ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya bayyana a cikin littafinsa Muƙaddima cewa harshe malaka ce wadda take tabbata a cikin mutum ta hanyar saurare da maimaici, kuma binciken masanan zamani bai rushe wannan magana ba.

To, a nan ne nake da magana da iyaye. Alkunya ɗabi'a ce kyakkyawa, ba mai musun haka, amma idan ta kai ga uwa ta yini ba ta ce wa ɗan farinta uffan ba, ko uba ya ga hira da ƙaramin yaro zubar da girma ne, to an tauye wa yaron haƙƙi. A dā kakanni da gwaggwanni su ne suke cike wannan giɓi, domin da dare ya yi sai a taru a tsakar gida ana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ana kacici-kacici, ana gagara-gwari har harshe ya sarƙe a yi ta dariya, kuma a cikin wannan raha yaro yake sanin cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, yake tara lugga, yake kaifafa kunnensa ga bambancin sautuka. Yau kuwa gidaje da yawa sun miƙa wannan aiki ga talabijin da wayar hannu, waɗanda suke magana amma ba sa sauraro, alhali yaro yana koyon harshe ne wurin wanda zai tambaya ya amsa masa, ya yi kuskure ya gyara masa cikin lumana.

Malaman allo na ƙasarmu sun fahimci wannan tadriji tun da daɗewa. Yaro yakan fara da haddace Fatiha da gajerun surori da ka, kafin a nuna masa harafi ko ɗaya. Sa'an nan a shiga babbaƙu, inda aka laƙaba wa haruffa sunayen Hausa gwargwadon siffarsu, kamar ambaki da mim jaye, domin ido ya riƙe su. Daga nan farfaru, wato sanin wasali. Sa'an nan hajjatu, inda yake haɗa kalma ya karanta ta a dunƙule. Sai daga baya a ba shi alƙalami da tawada ya rubuta allonsa da hannunsa. Sai dai mu lura, maƙasudin karatun allo shi ne gyaran tilawa da kiyaye lafazin Littafi Mai Tsarki, ma'ana kuwa akan jinkirta ta zuwa makarantar ilimi. Magabata ba su jahilci haka ba, shi ya sa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, da ta so matan karkara su fahimci addininsu, ta yi musu waƙoƙi da Hausa da Fillanci, malamai mata da ake kira jaji suka riƙa kai su ƙauye-ƙauye. Kuskuren da ake tafkawa yanzu shi ne a ɗauki hanyar hadda a ɗora wa karatun boko, yaro ya riƙa rera shafi guda na Turanci da babbar murya, a tambaye shi abin da ya karanta ya yi zuru.

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi ƙwarai ga ɗan Bahaushe, domin kusan kowane harafi sauti guda yake ɗauke da shi, kuma da zarar yaro ya gane cewa baƙi da wasali su ne suke haɗuwa su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalma, to ƙofa ta buɗe. Amma wannan rubutu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, saboda haka idan yaro ya ci karo da kalmar gari, sanin magana ne kaɗai zai gaya masa ko wanda ake zama a ciki ake nufi ko wanda ake tuƙa tuwo da shi. Ga shi kuwa ba mu rasa abin karantawa ba: tun da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, aka zo aka kafa hukumar talifi a Zariya, Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a 1939, dubban mutane sun iya karatu ta wannan hanya, yara da manyan da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci.

Wasu iyaye suna tsoron kada Hausa ta hana ɗansu Turanci, har suna alfahari da makarantar da ake cin tarar yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa. An jarraba wannan mas'ala a Ile-Ife daga 1970, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka karantar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci kuwa ana koyar da shi a matsayin darasi guda, kuma da aka gwada su da takwarorinsu ba a same su a baya ba, har a Turancin kansa. Hikimar abin a fili take: dabarar karatu sau ɗaya ake koyonta, kuma wanda ya koye ta da harshen da yake fahimta zai ɗauke ta ya shiga da ita kowane harshe.

Game da rubutu kuwa, hannu yakan makara bai kamo ido ba, don haka zane-zanen da yaro yake yi a ƙasa da tsinke, ko a bango da gawayi, share fage ne, kada a tsawata masa fiye da kima. Bahago ma a ƙyale shi da hannunsa. Bulala kuma ba ta buɗe ƙwaƙwalwa. Ibn Haldun ɗin nan ya yi gargaɗi cewa tsanantawa ga almajiri tana gadar masa da kasala da ƙarya.

Saboda haka, ya ku iyaye, wanda ya iya karatu a cikinku ya zaunar da ɗansa ya karanta masa ko da shafi guda ne bayan sallar isha'i, ya tambaye shi abin da ya ji. Wanda bai iya ba ya ba shi labari, ya kuma sa shi ya karanta masa abin da aka koya musu. Idan kuwa kun ga yaro ya wuce shekara biyu bai furta kome ba, ko ana kiransa ba ya waiwaye, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ko yana kanne ido idan ya dubi allo, to kada ku yanke masa hukuncin daƙiƙanci, ku kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa tun da wuri.