Faifai Ya Ƙaru, Wuri Bai Ƙaru Ba: Ga Mafita

Masu ɗaukar hoton bikin Bianou da masu shagunan buga takardu a Agadez kan sauya faifan kwamfuta mai giga 256 da mai tera 1, su kwafe tsohon dungurungum zuwa sabon. Sai a kunna, a tarar wurin ajiya yana nan yadda yake. Dalili shi ne kwafin yakan ɗauko girman yankin ajiya na tsohon faifan, ya bar sauran fili ba a raba shi ba.

Da farko, ku adana muhimman fayiloli a wani faifan, ku cika batir, don ɗaukewar wuta tsakiyar aiki na iya lalata komai. Sannan ku danna Windows da R, ku rubuta diskmgmt.msc. A Windows na Faransanci za ku ga fili mai baƙin layi an rubuta "Non alloué". Ku danna yankin C da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi "Étendre le volume".

Idan zaɓin ya ƙi dannuwa, galibi ƙaramin yankin farfaɗo da Windows ne ya shiga tsakani. Kada ku goge shi. Manhajar GParted, wadda kyauta ce, tana matsar da shi zuwa ƙarshe, sannan ku faɗaɗa C.

Faifan da ya haura tera 2 yana buƙatar tsarin raba faifai na GPT, domin tsarin MBR ba ya wuce nan. Kuma tera 1 kan bayyana a matsayin giga 931. Bambancin lissafi ne, mai shago bai cuce ku ba.