Firist ɗin da aka hana shi hawa bagade

Karatu: Yaƙub 2:1-9

Yaƙub ya tsauta wa ikilisiyar da takan ba mai kyawawan tufafi mazauni na gaba, ta bar matalauci a tsaye. Mukan ɗauka zancen dukiya ne kaɗai. Bari mu dubi abin da ya faru a jihar Luwiziyana ta Amurka.

A shekarar 1953 Babban Bishop Joseph Rummel na New Orleans ya umarci ikilisiyoyin Katolika su daina ware baƙar fata a cikin sujada. Kunnuwa sun ji, zukata kuwa ba su juya ba. A 1955 aka aiki Fada Gerald Lewis, baƙin mutum, ya bi da sujada a wata ƙaramar majami'a a Jesuit Bend. Waɗansu fararen fata 'yan ikilisiyar suka tare shi, suka hana shi. Sai Rummel ya rufe majami'ar, ba a buɗe ta ba sai 1958.

Horon nan da zafi yake, gama ya taɓa har marasa laifi. Duk da haka muna ganinsa daidai, domin sujadar da ake zaɓen launin mai bi da ita ta riga ta ɓaci.

Mu tattauna: a taronmu, su wa ke zama a baya? Wa ya ajiye su can?