Yadda Ake Neman Ma'adinin Yuraniyum a Cikin Ƙasa

Gabatarwa

Sau da yawa mutanen ƙauye sukan ga ƙaramin jirgin sama yana shawagi ƙasa-ƙasa, yana kai da kawowa bisa gonaki da duwatsu. Bayan wasu watanni kuma sai a ga ma'aikata sun zo da na'urori a rataye, suna kafa turaku suna rubuce-rubuce. Idan ba a yi wa jama'a bayani ba, jita-jita takan bazu: wasu su ce an gano arziki za a ƙwace gonaki, wasu kuma su ce na'urorin suna kawo cuta. An shirya wannan ƙasida domin a bayyana irin aikin da ake yi, da abin da na'urorin za su iya nunawa, da abin da ba za su iya ba.

Mene Ne Yuraniyum?

Yuraniyum wani ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai, wanda ake sarrafawa ya zama makamashin tashoshin lantarki na nukiliya. Wani masani Bajamushe mai suna Klaproth ne ya gano shi a 1789. A 1896 kuma wani Bafaranshe mai suna Becquerel ya lura cewa yana fitar da wani irin haske wanda ido ba ya gani.

Kusan kowane dutse yana ɗauke da ɗan kaɗan daga cikinsa, kimanin giram biyu zuwa uku a cikin kowane tan guda. Saboda haka aikin masu bincike shi ne su gano wurin da ya taru da yawa, har ribar haƙarsa za ta fi kuɗin da za a kashe. Irin waɗannan wurare ba su da yawa a duniya.

Awo Daga Sama

Yuraniyum yana ruɓewa a hankali, yana rikiɗa zuwa waɗansu sinadarai, ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙare a matsayin dalma. A cikin wannan rikiɗa ne ake samun hasken da masana suke kira gamma. Ana ɗora wa jirgi wata na'ura mai manyan ƙwayoyi masu kama da gilashi. Duk lokacin da gamma ya faɗa musu sai su yi ɗan walƙiya, na'urar kuwa ta ƙidaya. Tana kuma iya rarrabe gamma na zuriyar yuraniyum da na toriyum da na fotasiyum, domin ƙarfinsu ya bambanta.

Jirgin yana bin layuka miƙaƙƙu kamar kunyoyin gona. A babban awon da aka yi wa Nijeriya tsakanin 2003 da 2010, mafi yawan layukan suna da ratar mita 500 a tsakaninsu, jirgin kuwa yana tashi kimanin mita 80 daga ƙasa. Dalilin saukowarsa ƙasa haka shi ne iska tana rage ƙarfin gamma. Daga sakamakon ne ake zana taswira mai launuka, wadda Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa take adanawa.

Wajibi ne a fahimci cewa na'urar ba ta harba kome zuwa ƙasa. Abin da duwatsu suke fitarwa tun fil azal shi kaɗai take karɓa, don haka ba ta cutar da mutum ko dabba ko shuka.

Iyakar Wannan Hanya

Gamma ba ya iya ratsa ƙasa mai kauri. Kusan duk abin da na'urar take karantawa daga saman ƙasa yake fitowa, abin da bai kai zurfin rabin mita ba. Yashi ko marmara ko ruwa suna iya rufe ma'adini mai yawa a wuce shi ba a sani ba. Ƙasa jiƙaƙƙiya ma tana rage awo, shi ya sa aka fi son yin aikin da rani.

Har wa yau, ba yuraniyum kansa na'urar take gani ba, ɗaya daga cikin jikokinsa take gani. Ruwan da yake bi ta cikin dutse yana iya narkar da yuraniyum ya tafi da shi, ya bar jikokin a baya. Sai na'ura ta nuna alama mai ƙarfi alhali mai gidan ya daɗe da ƙaura. Haka kuma a wuraren haƙar kuza na Jos, tarin yashin da aka wanke yakan sa na'ura ta yi ta ƙidaya, amma mafi yawan abin da ke ciki toriyum ne.

Awo a Ƙasa

Inda taswira ta nuna alama, sai a tura ma'aikata da ƙafa. Sukan share layuka, su kafa turaku masu lamba, su auna kowane wuri da ƙaramar na'urar hannu, su kuma ɗebi samfurin dutse da ƙasa da ruwan rijiya.

Akwai kuma awon radon. Radon wata iska ce marar launi, marar wari, daga cikin zuriyar yuraniyum, wadda takan bi tsagogin dutse ta hau sama. Ana haƙa ƙananan ramuka a kife kofuna masu ɗauke da ɗan fim a ciki, a rufe su da ƙasa har mako uku ko huɗu. Idan aka tono su sai a ƙirga tabon da radon ya bari a jikin fim ɗin. Amma rabin radon yakan ruɓe a cikin kwana huɗu ba kaɗan, saboda haka ba ya yin tafiya mai nisa, kuma ma'adini mai zurfi ƙwarai ya fi ƙarfin wannan hanya.

Neman Mazauninsa

Idan ma'adinin ya yi zurfi, masu bincike sukan koma neman irin dutsen da yake zama a ciki, kamar yadda maharbi yake neman mashayar namun daji. Hanyoyi huɗu aka fi amfani da su:

1. Awon maganaɗisu, wanda yake nuna tsagogin ƙasa da zurfin dutsen da ke ƙarƙashin yashi.
2. Awon ƙarfin jan ƙasa, wanda yake bambanta dutse mai nauyi da marar nauyi.
3. Awon lantarki, wanda yake nuna duwatsun da wuta take bi cikin sauƙi da waɗanda ba ta bi.
4. Awon girgiza, inda ake bugun ƙasa a saurari amsa-kuwwar da take dawowa daga shimfiɗun dutse.

A yankin Atabaska na ƙasar Kanada, yuraniyum yakan zauna kusa da baƙin dutse irin na bakin fensir, wanda lantarki yake bi. Bin sawun wannan dutse ne ya taimaka aka gano ma'adinin Cigar Lake a 1981, a zurfin fiye da mita 400. A Ostareliya kuwa, awon maganaɗisu da na jan ƙasa ne suka kai masu neman jan ƙarfe ga Olympic Dam a 1975, sai aka tarar da yuraniyum mai ɗimbin yawa tare da shi.

Haƙa Rami Shi Ne Alƙali

Duk waɗannan awo nuni kawai suke yi. Kafin a tabbatar, sai an haƙa siraran ramuka masu zurfi irin na burtsatse, a zura na'urar gamma a ciki, a kuma fito da dutsen a kai shi ɗakin gwaji. Daga cikin alamu masu yawa, ƙalilan ne suke zama mahaƙa, kuma abin yana ɗaukar shekaru. A Jamhuriyar Nijar an fara ganin yuraniyum a Azelik a 1957, lokacin da Faransawa suke neman jan ƙarfe, amma sai a 1971 aka soma fitar da shi daga Arlit. Mahaƙar Akuta ta fara aiki a 1978, aka rufe ta a 2021 da ma'adinin ya ƙare.

A Nijeriya, a ƙarshen shekarun 1970 aka kafa kamfanin NUMCO domin wannan bincike. An sami alamu a arewa maso gabas, a wurare irin su Mika da Gumchi da Gubrunde, haka kuma akwai shi gauraye da waɗansu ma'adinai a duwatsun Riruwai a Jihar Kano. Amma binciken bai kai ga buɗe mahaƙa ba.

Abin da Ake Bukata Daga Jama'a

Na farko, kada a cire turaku ko a tone kofunan da aka binne, domin turke guda da aka gusar yana iya ɓata aikin makonni. A ja kunnen yara da makiyaya.

Na biyu, duk wanda ya zo awo a nemi ya nuna takardar izni daga Gwamnatin Tarayya, ya kuma gabatar da kansa ga hakimi ko dagaci. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sa dukan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, ta kuma tanadi diyya ga wanda aka ɓata wa amfanin gona.

Na uku, kada kowa ya sayar da gonarsa ko ya sayi ta wani saboda jin cewa jirgi ya ga arziki a wurin.

Na huɗu, kada a haƙi dutsen da ake zaton yana da yuraniyum, kada a ajiye shi a ɗaki ko a yi gini da shi. Shaƙar ƙurarsa da iskar radon na tsawon lokaci tana jawo ciwon dajin huhu. Wanda ya ga abin da ya ba shi shakka, sai ya sanar da ofishin ma'adinai na tarayya da ke jiharsa.