Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Karatu: Titus 2:3-6, Afisawa 6:4

'Yan'uwa, ba mu ba yaro garma sai mun nuna masa yadda a ke huɗa. Amma renon 'ya'ya, wanda ya fi noma wuya, mu kan bar samarinmu da 'yammatanmu su fara koyonsa da jariri a hannu. Dā mace ta kan koma gidan iyayenta haihuwar fari, uwa da kaka su koya mata. Yau da yawa suna aure a birni, ba tsohuwa kusa. Wa zai koya musu?

Bulus ya ce wa Titus tsofaffin mata su koya wa matasa ƙaunar 'ya'yansu. Ashe ƙauna ma koyonta a ke yi. Ga abu uku da za mu koyar tun kafin maganar aure ta taso.

1. Kiwon jariri. Su sani nonon farko, wato dakashi, ba na zubarwa ba ne, kāriya ne ga jariri. Nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6, ba sai an ba shi ruwa ba. Idan yaro yana zawo, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, a kai shi asibiti. Su san allurar rigakafi da gidan sauro.

2. Horo. Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Saurayin da bai koyi riƙe zuciyarsa ba, da bulala zai yi reno. Eli kuwa bai hana 'ya'yansa ba, gidansa ya lalace. Mu nuna musu hanyar da ke tsakani.

3. Jira. Yarinyar da ƙugunta bai ƙosa ba ta kan sha doguwar naƙuda, wani lokaci har da yoyon fitsari. Mu faɗa wa 'ya'ya maza wannan a fili, ba mata kaɗai ba.

Kunya ba ta ceci jariri ba. Zumuntar Mata da dattawa su keɓe lokaci domin wannan aiki. A gida kuma mu bar yayye, maza da mata, su taya mu renon ƙannensu muna dubawa.

Tambayoyi: Wane ne ya koya mana reno? Me ɗanmu mai shekara 15 ya koya daga yadda mu ke tsawata masa?