Haƙƙin Kunkurun Teku a Kan Mai Ziyarar Kribi

Duk ƙarshen shekara, idan damina ta ɗauke aka shiga hutun makarantu, motocin Kribi sukan cika da mutanen Duwala, kuma 'yan unguwarmu ta New Bell ba a barin su a baya. Samari su yi karo-karo su ɗauki shatar mota, magidanta su kwashi iyali, a bi ta Edea a haye gadar Sanaga, cikin awa uku ko makamancin haka sai ga teku shimfiɗe. Wanda ya taɓa tsayawa inda kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ko ya ci gasasshen kifi da jatan lande a bakin ruwa, ba sai an yi masa tallar wurin ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a matsayina na mai aikin kula da halittun gaɓar teku, shi ne wani abu da yawancin masu zuwa ba su sani ba. Watannin da muke tururuwa zuwa can, daga Nuwamba zuwa Janairu, su ne ganiyar lokacin da kunkurun teku ke fitowa saka ƙwai a wannan rairayin da muke shimfiɗa tabarmi a kai. Don haka maganata ɗaya ce: mai ziyara yana da hannu a rayuwar wannan dabba ko mutuwarta, ta hanyar abin da ya saya, da abin da ya yar, da irin hasken da ya kunna da dare.

Sai mutum ya san yadda dabbar ke rayuwa kafin ya gane nauyin maganar. Iri huɗu ne aka fi sani a gaɓar Kamaru. Biyu suna zuwa kiwo ne a tsakanin duwatsun bakin ruwa, wato koren kunkuru da mai baki irin na shaho, biyu kuma su ke hawowa tudu su yi ƙwai: ƙarami mai launin zaitun, da ƙaton nan mai bayan fata, wanda nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo. Macen takan fito da dare, ta ja jiki zuwa inda taguwar ruwa ba ta kaiwa, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa, kuma ba za ta sake waiwayar su ba. Zafin yashi ne ke kwanci a madadinta har kusan wata biyu, kuma shi ne ke raba jinsi: idan zafin ya haura digiri 29 mata sukan fi yawa, idan ya yi ƙasa maza su rinjaya. Ranar da 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, ba su da jagora zuwa ruwa sai haske, sukan nufi ɓangaren da ya fi haske, wanda a dare na asali shi ne fuskar teku. Daga nan kaguwa da tsuntsu da manyan kifaye su yi ta ɗiba, har masana na ƙiyasta cewa a cikin dubu, da ƙyar ɗaya ke kai girma. Wadda ta tsira kuwa sai ta shafe fiye da shekara goma, wani irin ma fiye da ashirin, kafin ta dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta ta yi ƙwanta na fari. Dabbar da haihuwarta ke da wannan jinkiri ba ta jure asara ko kaɗan.

Da wannan a zuciya, a dubi abubuwan da muke yi ba da mugun nufi ba. Wanda ya hango kunkuru na hawowa ya ruga ya haske ta da fitilar waya don ɗaukar hoto, sau da yawa yakan sa ta juya ta koma ruwa ba tare da ta yi ƙwan ba. Wutar da aka hura a kan yashi don hira, da fitilun mota da na masauki masu kallon teku, suna karkatar da 'ya'yan su nufi daji, gari ya waye rana ta ƙone su ko kare ya cinye. Babur ko mota a kan rairayi na danne ramin ƙwai, sawun tayar kuma ya zame wa ɗan kunkuru kwazazzabon da ba zai iya haurawa ba. Sai leda, wadda ta fi komai ɓarna. Abincin kunkuru mai bayan fata wata halitta ce mai laushi, fara-fara, da ke lilo a cikin ruwa, wadda masu jin Faransanci ke ce wa medus, kuma ledar da ta sha ruwa kamarsu ɗaya. Idan ya haɗiye ta, ba ya iya amayar da ita saboda ƙayoyin maƙogwaronsa ciki suke kallo, sai ta toshe masa hanji. Kamaru ta haramta siraran ledoji marasa ruɓewa tun 2014, amma kowa ya san da me ake ƙulla mana kaya a kasuwannin Duwala irin su Santral da Nkululun. Kuma ledar da aka jefa a kwatar New Bell, a garin da ke samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, ƙarshenta kogin Wuri, ƙarshen Wuri kuwa teku. Ita ce kuma ke toshe magudanan da ke maido mana da ambaliya cikin ɗakuna.

Na san abin da wani zai ce: ina ledata ɗaya, ina tashar jiragen ruwa mai zurfi da ta fara aiki a kudancin Kribi a 2018, ina bututun man Chadi da ke ƙarewa a wannan gaɓar tun 2003, ina manyan jiragen kamun kifi masu share ƙasan teku da koma? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma mu masu wannan aiki ba ma ɓoye cewa waɗancan sun fi kowane ɗan yawon buɗe ido nauyi. Sai dai wurin da ɓarnar ke faɗawa ya bambanta. Rayuwar kunkuru gaba ɗaya tana bi ta wata 'yar siririyar hanya, wato ɗan tsirin yashin da ke tsakanin ruwa da daji, a cikin 'yan watanni ƙalilan, kuma a wannan wuri da wannan lokaci ƙafar mai ziyara ce ta fi kusa da ramin ƙwai. Ban da haka, al'ummar da ta saba kiyaye gaɓarta ita ce ke da bakin tuhumar kamfani ko hukuma idan sun yi sakaci. Wanda ya bar tulin shara inda ya zauna, da wane ido zai nemi a hukunta jirgin da ya zubar da mai?

Wani kuma zai ce masuntan nan talakawa ne, ƙwan kunkuru da namansa abincinsu ne tun kaka da kakanni, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce. Duka biyun gaskiya ne. Amma halaccin ci bai taɓa zama izinin ƙarar da iri ba, addinin da ya halatta shi ne ya hana almubazzaranci da ɓarna a bayan ƙasa. Dokar ƙasa ma ta sa kunkurun teku a rukunin dabbobin da aka hana kashewa ko sayarwa kwata-kwata, an kuma sabunta dokar daji da namun daji a Yulin 2024. Batun talauci kuwa, amsarsa tana ƙauyen Ebodje, kimanin kilomita 50 kudu da Kribi a kan hanyar Kampo. Mutanen Iyasa na wannan ƙauye, tare da ƙungiyarsu ta Tube Awu, suna sintirin dare a lokacin ƙwai, suna kwashe wanda ke cikin haɗari zuwa killataccen wuri har ya ƙyanƙyashe, kuma an daɗe da tsarin da baƙo zai biya masunci ladan sakin kunkurun da ya faɗa komarsa bisa kuskure. A 2021 gwamnati ta ayyana ruwan wannan yanki a matsayin gandun Manyange na Elombo-Campo, gandun teku na farko a ƙasar. Kunkurun da aka yanka, kuɗinsa na rana ɗaya ne. Wanda aka bari da rai zai yi ta dawowa, baƙi su yi ta zuwa ganinsa, mai masauki da mai abinci da mai kwale-kwale da ɗan jagora duk su samu.

A nan ne maganar ta fi shafar mu Hausawa, domin mu mutanen ciniki ne, mun san cewa abin da ba a saye ba a kawo shi kasuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙoƙon bayan kunkuru da aka goge aka shafa wa mai, da awarwaro da 'yan kunne da ake yi da ɓawon mai bakin shaho, duk wanda ya miƙa kuɗi ya karɓa ya ba da sautun a kashe wani. Haka zancen man ayu da ake nema a wurin masu maganin gargajiya. Ayu yana nan a tafkin Osa da bakin Sanaga da mashigar Wuri, macensa kan yi kusan shekara da ciki ta haifi ɗa ɗaya tak, shi ma kuma doka ta hana taɓa shi. Alhajin da ya ce ba ya saye, da Hajiyar da ta ce a mayar, sun yi aikin da ma'aikacin gandun daji goma ba za su yi ba.

To ko mafita ita ce a daina zuwa? A'a, a je, a kai yara ma. Yaron da ya tashi tsakanin kwata da kwalta yana da haƙƙin ganin ikon Allah a teku, kuma sunan ƙasar nan kansa daga jatan landen Wuri Turawan Fotugal suka ciro shi a 1472. Rashin zuwan baƙi zai mayar da mutanen Ebodje ga cin ƙwai ne kawai. Abin da ake nema shi ne ladabin baƙunta. A tafi da buhun shara a dawo da shi cike. Wanda ke son ganin kunkuru da dare ya bi ɗan jagora na ƙauyen ya biya shi haƙƙinsa, ya kashe fitila, ya tsaya ta bayanta nesa kaɗan, ya yi shiru har ta gama. Kada a ɗauki ɗan kunkuru a kai shi ruwa da hannu, a bar shi ya taka yashin da kansa. Kada a hura wuta ko a hau da abin hawa kan rairayi. A ci kifin masunta a biya da daraja, a ƙi ƙwai da ƙoƙo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, raɓa kuwa idan ta sauka ta tashi, ganye kore take bari. Kunkurun da za ta hawo yashin Ebodje a daren nan ta yi shekaru fiye da goma tana hanya, kuma abin da take buƙata daga gare mu bai wuce duhu da shiru na awa ɗaya ko biyu ba.